Gwanjon Kayan Yaƙi: Ƙarfen Ake Saye ko Labarin?

Idan aka ce gwanjo a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne dilar tufafin da wasu suka sa suka gaji, wadda ake kwancewa a Ƙofar Wambai ko wata kasuwar ƙauye, talaka ya je ya tsinci rigar sanyi da kuɗi kaɗan. To a Turai kalmar ba ta tsaya nan ba. A can akwai gwanjon da talaka ba ya ko leƙawa, wanda tsufan kaya shi ne darajarsa, kuma idan an ce wani ya taɓa amfani da abu, musamman idan jini ya zuba a kansa, sai kuɗinsa ya ninka. Irin wannan gwanjo nake so mu duba, wato na kayan yaƙi da kayan tarihi: takubba, bindigogi, tutoci, kakin soja da lambobin yabo, waɗanda tsofaffin sojojinmu ke kira minda.

Gidajen da ke wannan sana'a a Landan sun daɗe ƙwarai. An kafa Sotheby's a 1744, Christie's a 1766, Bonhams kuma a 1793. Tsarin cinikin bai yi nisa da dillancin da muka sani ba. Mai kaya zai kai kayansa, masanan gidan su duba, su rubuta bayaninsa a cikin kundi tare da ƙiyasin abin da suke jin zai yi. Ranar gwanjo mai guduma ya hau kan dandamali, masu saye su yi ta tayi, wannan ya ɗora a kan na wancan, har a kai inda babu mai ƙarawa, sai ya buga guduma, an sallama ke nan. Bambancin kawai shi ne gidan gwanjo yana cin la'ada ta fuska biyu, a wurin mai sayarwa da kuma a wurin mai saye, kuma la'adar mai saye takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye.

A watan Mayun 2023 gidan Bonhams ya sayar da takobin Tipu Sultan, sarkin Maisur na ƙasar Indiya da sojojin Ingila suka kashe a 1799, a kan fam miliyan 14, alhali ƙiyasin da aka yi masa bai wuce fam miliyan 2 ba. A watan Nuwamban shekarar kuma aka sayar da wata hular Napoliyon a Faransa a kan Yuro miliyan 1.9. Hula ce baƙa, ta tsufa, wadda in da a kan bola aka gan ta babu mai sunkuyawa.

To me ake saye? Lambar Victoria Cross za ta ba mu amsa. Ita ce lambar jarumta mafi girma a Ingila, Sarauniya Biktoriya ce ta ƙirƙiro ta a 1856, kuma da tagulla ake yin ta, ba zinariya ba, ba azurfa ba. Da za a narkar da ita a kai wa maƙeri, abin da zai bayar ba zai sayi tiyar gero ba. Amma a 2022 gidan Noonans ya sayar da ta wani Thomas Kavanagh a kan fam 930,000 idan an haɗa da la'ada. Shi Kavanagh ma ba soja ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da aka ritsa da shi a garin Lucknow lokacin boren Indiya na 1857. Ya shafa baƙi a jikinsa, ya yi shigar mutanen gari, ya ratsa cikin masu bore da dare ya kai saƙo ga rundunar da ke tafe. Wannan labarin, wanda aka rubuta aka ajiye, shi aka biya wa kuɗin. Ba shi kaɗai ya yi tafiyar ba, wani Ba'indiye mai suna Kanauji Lal ne ya yi masa jagora, amma shi bai sami wannan lamba ba. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da irinsa a gida.

Wani labarin da ke nuna yadda kasuwar take shi ne na James Magennis, sojan ruwa ɗan garin Belfast, wanda ya sami lambar saboda ninƙayar da ya yi ya liƙa nakiya a jikin jirgin yaƙin Japan a 1945. Bayan yaƙi talauci ya kama shi, ya sayar da ita a kan fam 75. Wani mai hali ya fanso ta ya mayar masa. Da ya rasu a 1986 aka kai ta Sotheby's, attajirin nan Michael Ashcroft ya saye ta a kan fam 29,000, kuma daga ita ya fara tara irinta har ya mallaki fiye da 200. Wanda ya sayar da ransa ya ci fam 75, wanda ya ɗaga hannu a zauren gwanjo ya zama mai taskar tarihi.

Gwanjo a bakin daga

Kada a ɗauka cewa kayan yaƙi sai sun tsufa suke shiga gwanjo. A ƙarni na 19 al'adar sojojin Ingila ce idan sun ci gari su tara ganima wuri ɗaya, su yi gwanjonta a tsakaninsu, sannan a raba kuɗin bisa muƙami. A watan Afrilun 1868 Janar Napier ya ci Magdala, sansanin Sarkin Habasha Tewodros, wanda ya gwammace ya kashe kansa da a kama shi. Giwaye 15 da alfadarai kimanin 200 ne suka yi jigilar kayan da aka kwasa zuwa filin da aka yi gwanjon, aka kwana biyu ana yi, aka tara kimanin fam 5,000. Abin lura a nan shi ne Gidan Tarihin Biritaniya ya haɗa rundunar da nasa wakilin, wani Richard Holmes, wanda ya yi ta sayen littattafan coci da sauran kaya. Wato tun kafin a harba harsashin farko an san za a yi ciniki.

Haka aka yi wa Birnin Binin a watan Fabrairun 1897. Aka ƙone fada, aka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa. Wasu hukuma ta sayar, wasu hafsoshi suka sa a akwatunansu suka kai gida. Cikin 'yan shekaru dillalan Landan suka watsa su cikin duniya, Jamusawa suka sayi kaso mai tsoka. Jikokin waɗancan hafsoshi har kwanan nan suna fito da abin da suka gada. A ƙarshen 2010 Sotheby's ya sanar zai sayar da wata fuskar hauren giwa ta uwar sarkin Binin, Idia, wadda ke hannun zuriyar Henry Gallwey, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yaƙin, aka ƙiyasta ta a kan fam miliyan 3.5 zuwa 4.5. Da surutu ya yi yawa sai aka janye ta. A 2014 kuwa wani Mark Walker, jikan wani hafsan, da ƙafarsa ya taka har Binin ya mayar da abubuwa biyu da kakansa ya ɗauko, bai karɓi ko kwabo ba.

Namu a cikin kundin gwanjo

Wanda duk ya saba duba kundayen masu gwanjon minda a Landan zai yi ta cin karo da sunayen Hausawa. Dalili kuwa shi ne tun 1863, lokacin da John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko da mutanen Arewa, galibinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, Turawa suka ɗauki Bahaushe a matsayin mutumin da ya dace da soja. Da su aka je yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Da irinsu Kamfanin Neja na George Goldie ya ci Bida da Ilori a farkon 1897. Daga baya aka haɗa su cikin rundunar West African Frontier Force, wadda Lugga ya fara tsarawa a 1897.

Mindar da Kamfanin Neja ya raba wa mayaƙansa kashi biyu ce. Ta Turawa azurfa ce, da sunan mai ita a gefe. Ta baƙar fata tagulla ce, kuma lambar aikinsa kawai aka buga mata, babu suna. Ban san wata hujja da ta fi wannan ɗan ƙarfe bayyana yadda kamfanin ke kallon mutanen da suka ci masa ƙasa ba.

A 1902 aka fito da wata minda ta azurfa don ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka, mai ɗauke da kan Sarki Edward na Bakwai. Kowane yaƙi da ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a jikin ƙyallenta, an rubuta wuri da shekara. Akwai mai cewa Nijeriya ta Arewa 1903, wato cin Kano a ranar 3 ga Fabrairu, da Sakkwato a ranar 15 ga Maris, da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a ranar 27 ga Yuli. Akwai ta 1906, ta Satiru da Haɗeja. Ita wannan an buga sunan kowa a gefenta, baƙi da fari: lambar aiki, muƙami, suna da runduna. Sunayen namu kuwa akasari sunan yanka ne da sunan gari, wane Kano, wane Bauci, wane Katsina, an rubuta su yadda kunnen akawun Bature ya ji.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin ji, kuma littattafan makaranta sukan ratse ta gefe. Idan na tambayi ɗalibaina wa ya ci Kano, sai su ce Turawa. Gaskiya ne Turawa ne suka ba da umarni, su ne masu igwa da bindiga mai ruwa, amma Turawan da ke cikin rundunar Kanar Morland 'yan gomomi ne kawai. Sauran ɗaruruwan da suka riƙe bindigogin baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Marubucin da zai ƙaga labari a kan 1903 ya sa Nasara zalla a gefe ɗaya, mu zalla a ɗaya gefen, ya sauƙaƙa wa kansa aiki, amma ya zubar da abin da ya fi komai nauyi a labarin. Wane ne wannan mutum da ya harbi ganuwar garin da yake amsa sunansa? Bawa ne da ya gudu yana da jiyayya? Ɗan ci-rani ne da albashin wata ya ja? Gefen mindar ba zai faɗa ba, amma aƙalla ya tabbatar an yi shi.

A ƙarshen Fabrairun 1903 aka yi karon Kwatarkwashi, inda rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta gamu da wata 'yar ƙungiyar sojan dawaki ta Turawa. Waziri ya rasu a wurin tare da mutane da yawa. Laftanan Wallace Wright da ya jagoranci ƙungiyar ya sami Victoria Cross. Takardar yabonsa ta ce da hafsa ɗaya da mutum 44 ya tare dawaki 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon sa'a biyu. Wright ya kai muƙamin birgediya, ya zama ɗan majalisar dokokin Ingila, tarihinsa a rubuce yake daki-daki. Su kuwa 44 ɗin adadi ne kawai a cikin takardar. Ga Kanauji Lal ya sake dawowa. Har rundunar ta gama zamaninta babu baƙar fata ɗaya a cikinta da aka ba wannan lamba. Wata daban aka ƙirƙiro musu a 1903, ta ƙasa da ita.

A kasuwa ma haka bambancin yake. Mindar ƙaramin soja baƙar fata ta waɗannan yaƙe-yaƙe 'yan ɗaruruwan fam take yi, ta hafsan Bature kuwa takan ninka ta, balle idan an haɗo ta da hotonsa, wasiƙun da ya aika wa matarsa da littafin da yake rubuta abubuwan da ya gani kullum. Azurfar iri ɗaya ce, nauyin ɗaya ne. Takarda ce ta raba su.

Waɗanda aka harba

Su kuma mutanen Waziri Ahmadu da na Attahiru ba wanda ya buga musu minda. Abin da suka bari a fagen fama shi ne takobi da kube, mashi, garkuwa, kwari da baka, sulke, kwalkwali, lifidin doki da tuta. Irin waɗannan ma suna fitowa a gwanjo, amma a wani sashe daban, sashen da ake kira na makaman ƙabilu. Bayanin da ake yi musu layi ɗaya ne ko biyu: takobi, Afirka ta Yamma, ƙarni na 19, da tsawonsa, da kube ko babu. Sau da yawa sunan da ke biye da shi na Baturen da ya ɗauko shi ne, don shi ke ƙara masa kuɗi. Barden da ya rataya shi, maƙerin da ya wasa shi, badukun da ya ɗinka kuben, duk sun ɓace. A wurinmu kuwa takobi da sunansa yake rayuwa. Gajere na Katsina ba don ƙarfensa ake girmama shi ba, don an san na Korau ne, kuma an san hannuwan da ya bi.

Ko inda aka liƙa wa takobi babban suna, ba lallai a tsira daga shakka ba. A watan Nuwamban 2019 Firayim Ministan Faransa ya miƙa wa Shugaban Senegal Macky Sall wani takobi da aka ce na Shehu Umarul Futi ne. Wannan malami ba baƙo ba ne a gare mu, ya zauna shekaru a Sakkwato a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa, kuma ɗansa Ahmadu a ƙasar Sakkwato ya rasu a 1897 bayan Faransawa sun kore shi daga mulkinsa. Kanar Archinard ne ya kai takobin Faransa bayan yaƙe-yaƙensa da Ahmadu, ya daɗe a gidan tarihin soja na Faris. To amma ruwan takobin ƙirar Faransa ne, kuma akwai masanan da ke ganin babu tabbacin Shehu Umaru ya taɓa riƙe shi. Shaidar da ake da ita ta fito ne daga ɓangaren wanda ya ƙwace shi, shi kuwa mai ganima kullum yana son a ce ta babban mutum ya kwaso.

Duk da haka, ba na cikin masu yi wa duk mai tara kayan yaƙi kuɗin goro a ce ɓarawo ne. Akwai bambanci tsakanin abin da aka ɗauke daga fada da bakin bindiga da mindar da magada suka sayar da hannunsu. Kuma a yi adalci, masu tara minda mutane ne masu naci. Mutum zai sayi ɗan ƙarfe, ya tafi ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, ya buɗe rajistar da aka rubuta waɗanda aka ba, ya bi diddigin lambar sojan har ya gano kamfanin da ya yi aiki da yaƙin da ya halarta. Kwaɗayin ƙarin daraja ne ke sa shi, na yarda, amma ta haka sunayen wasu kakanninmu suka tsira. Illar ita ce da zarar guduma ta faɗi, kayan sun shige gidan wani, ba a ma faɗin sunan mai sayen, sai kuma ranar da ya mutu 'ya'yansa suka sake kawo su.

Wasu ƙasashen sun fara shiga kasuwar da kuɗinsu. A watan Oktoban 2023 aka shirya gwanjon lambobin girma da wasu kayan Léopold Sédar Senghor a garin Caen na Faransa. Senghor mawaƙi ne, shugaban Senegal na farko, kuma tsohon soja da Jamusawa suka tsare a yaƙin duniya na biyu. Gwamnatin Senegal ta nemi a dakatar, ta biya kimanin Yuro 240,000 ta kwashe. Mu a nan muna da dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma sa kayan fasaha da na sana'a da aka yi kafin 1918 cikin abin da take karewa. Sai dai doka ba ta leƙa rumbu ko ƙarƙashin gadon tsohuwa, inda ɗan koli ke zuwa ya ba da kuɗin cefane ya tafi da sulken kaka.

'Yan Bama

Mafi kusa da mu su ne mindodin yaƙin duniya na biyu. Dubban 'yan Arewa sun tafi Habasha, sannan suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, kuma Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyin Nijeriya. Sunayen wuraren da suka yi fama da na rundunonin da suka yi aiki a cikinsu suna nan a jikin barikokinmu, kamar Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya, ana wucewa ta gabansu kullum ba a tambayar ma'anarsu. Kaɗan daga cikin mutanen ne sunansu ya tsaya. Akwai Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Ingila a 1917, ya kai sajamanja, ya yi Habasha ya yi Bama, ya ajiye aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka kuma sa wa barikin Lakwaja sunansa.

Sauran fa? A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba. Mindodin wancan yaƙin dai suna da suna a jiki. Na yaƙi na biyu kuwa, saboda yawan waɗanda za a ba, gwamnatin Ingila ta raba su haka nan babu rubutun komai. Tauraron Bama, wato mindar da aka ba duk wanda ya yi yaƙi a can, gabanta ɗaya ne ga kowa, bayanta kuma fili ne fetal. Muddin tana tare da littafin sallamar mai ita, ko hotonsa da kaki, ko wani a gidan da zai ce ta Baba ce, a kogin Kaladan ya samo ta, to tana da asali. Ranar da ta rabu da waɗannan, ta zama ɗaya daga cikin dubbai, kuma a shagunan Landan 'yan fam kaɗan ake sayar da irinta, a cikin tire ɗaya da maɓallan kaki da tsofaffin kwabbai.